Masu ɗora baƙi a doki a bakin tekun Akra: amsa ga ɗan'uwa na Arewa

Malam, ka tambayi abin da zai sa namiji ya baro ƙasar da ake hawan daba ya zo Gana yana ja wa baƙi doki a bakin ruwa. Ka kuma soko zancen ko mu na zango har yanzu Hausawa ne. Bari in fara da dokin.

A wajenku doki na mai hali ne. Kullum sai ya ci, fitarsa kuwa sai sallah, sai naɗin sarauta ko biki, yaron barga kuma komai iyawarsa sai abin da ubangida ya ga damar ba shi. A nan doki ne ke ciyar da mai shi. Bakin tekun Labadi da ke nan Akra cika yake yi Asabar da Lahadi, Disamba kuwa ba a magana, balle tun 2019 da gwamnatin Gana ta gayyaci baƙaƙen fatar Amurka da na sauran ƙasashe su zo ganin tushensu. Mutanen kudu ba su gaji doki ba, don tsando da cutar sammore sun daɗe suna hana shi zama a kurmi, shi ya sa wanda ya tashi a gindin turke yake da daraja a nan. Shigowa ma ba wuya, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza. Mutum ya sauka wajen maigida a zango, ya fara da kwasar kashi da yankan ciyawa, in ya jure ya mallaki nasa.

Abin da ke mana ciwo shi ne yadda kuke kiransa aikin bara. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ɗora mutumin da bai san gaban doki da bayansa ba.

Tun baƙo na tahowa jagora ke auna shi da ido. Dokinmu na Arewa ba ƙato ba ne, a ce kilo 350, kuma mahayi da sirdi bai kamata su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ba, wato kilo 70 ke nan. Mayar da mai ƙiba da kuɗinsa a hannu yana da wuya, amma miki a bayan doki makonni yake kwantar da shi. Linzaminmu na gargajiya mai zobe ba a sa wa dokin haya. Baƙo in ya tsorata linzami yake damƙa ya ja da ƙarfinsa, bakin doki ya tsage, doki ya miƙe da ƙafafun baya. Sai a sa mai laushi, jagora kuma ya riƙe ragama da kansa. Kaimi ko kusa. Majayi sau biyu ake jansa, don doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri: a ɗaura, a taka da shi kaɗan, a sake ja har ya zama yatsu biyu ne kawai ke shiga. Yawancin faɗuwa daga nan take, sirdi ya juya da mutum. Tsawon likkafa kuwa da hannun mahayi ake gwada shi, daga kan yatsa zuwa hammata, kuma gaban tafin ƙafa kaɗai ke shiga. In ƙafa ta zarce ciki mutum ya faɗi, jan sa doki zai yi.

Ana bin jiƙaƙƙen yashi mai tauri idan ruwa ya ja baya, don busasshe mai zurfi yana lahanta jijiyar ƙafa. A bar tazarar doki guda tsakanin kowane biyu, ba a jera ingarma bayan goɗiya, sukuwa kuma sai wanda aka ga zamansa a sirdi.

Raya doki a nan ma wani ilimi ne. Yana cin kamar kilo 7 na busasshen abinci a rana, mafi yawa ciyawa da harawa, dusa kaɗan, ruwa lita 30 zuwa 40 ko fiye a zafi. Laimar bakin teku kan sa harawa fumfuna, mai fumfuna kuwa zubarwa ake yi. Ba a zuba masa abinci a ƙasa, don yashin da yake haɗiya taruwa yake a hanji ya kawo ciwon cikin da ke kashewa. An tashi aiki a wanke ƙafafu da ruwan daɗi, a shafa wa sirdi mai, in ba haka ba gishiri ya cinye fata. Kofato a yanke duk mako 6 zuwa 8, a riƙa ƙwaƙule shi kullum da damina don kada ya ruɓe. Kafin magariba a shigar da shi barga, a lokacin ne ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da annobar dawaki suke cizo. Ba na ɓoye maka, akwai yaran da ke barin doki a rana tsaka ba ruwa ba hutu saboda sidi, kuɗin Gana, kuma dattawan sana'ar ba sa raga musu.

Sai batun Hausancinmu. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su Gwanja, suka zauna Salaga, suka gangaro Kumasi da wannan birni na Akra da suke kira Ankara. A 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta kori baƙi, gidaje da yawa suka watse, waɗanda suka saura suka riƙe masallaci da makarantar allo. I, yaranmu kan ce "ya zo" ko da mace ce, kuna yi mana dariya. I, muna auren 'yan ƙabilar Ga da Ashanti, amma da waliyyi da sadaki da shaidu ake ɗaurawa, ran bakwai a yanka rago a raɗa suna, kuma sau da yawa uwar ce ke tasa yaro gaba zuwa wajen malam. Abin da ba ma jin daɗi shi ne ɗanmu ya je neman aure Arewa a fara tambayar asalin uwarsa kafin a tambayi halinsa.

In akwai yaron da kake son turowa, turo wanda ya iya duba kofato da haƙurin magana da baƙo, ya taho da takardunsa cikakku. In da doki zai zo, kada ya taso sai da takardar likitan dabbobi, kuma a bar dokin ya huta ya saba da ciyawar nan kafin a ɗora masa kowa.