Amsa ga Yaya daga Manchester

Yaya, ka tambaye ni ko 'yancin da Turawa ke ba yara ne ke jefa su ta'addanci, har kana cewa ko namu sun tsira. Tambayar ta sosa mini rai, amma ga amsa.

A nan ma gardamar ba ta mutu ba. Wasu 'yan siyasa na cewa maharan sun tsani dimokuraɗiyya da 'yancin mata ne kawai. Wasu su ce yaƙin Iraƙi na 2003 ne ya hura wutar, wasu kuma su ɗora wa talauci. To Umar Farouk Abdulmutallab fa, wanda ya so tarwatsa jirgi mai zuwa Detroit a Disambar 2009? Ɗan attajiri ne, a Landan ya yi jami'a, kuma mahaifinsa da kansa ya kai rahotonsa ofishin jakadancin Amurka. Masu cewa rayuwar Turawa aka tsana kuwa, nakan tambaye su: wace rayuwar Turawa ce a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, da aka kashe masallata sama da 100? Wannan ciwon mun riga su saninsa.

Ni abin da na fi tsoro shi ne yaron da ba shi da malami, ya kulle ɗaki yana ɗaukar karatu a intanet. Shi ya sa duk Asabar muke kai namu Islamiyya, ko ana zuba ƙanƙara.

Akwai abin da ke mana ciwo. Tun 2015 dokar Birtaniya ta ɗora wa malaman makaranta sa ido kan ɗalibai a ƙarƙashin Prevent, shirin gwamnati na hana mutane shiga ta'addanci, kuma mun san 'ya'yan wa aka fi kallo. Amma a ƙasar nan matata ke zuwa aiki da hijabinta, ba wanda ya isa ya hana ta.

Maganar 'yarku da ta auri Bature kuwa, da kuka yi ta ƙorafi, ai ya musulunta tun kafin su haɗu. Waliyyi, sadaki, shaidu, har lefe, ba abin da aka tsallake. Hausar jikokina ta ɗan karkace, gaskiya ne, amma suna durƙusawa su gaishe ni kamar yadda Inna, Allah ya ji ƙanta, ta koya mana. Ku kira su mana ku ji da kunnenku. Kullum sai dai mu mu kira.