Wace manhaja ce za ta kai Commodore 64 intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga karatu a Ingila a shekarar 1985 da kwamfuta ƙirar Commodore 64, kuma tun muna yara take ajiye a cikin kwalinta. Bayan rasuwarsa ta faɗo a rabona, na jona ta da talabijin na ga har yanzu tana kamawa. Na ji ana cewa akwai masu shiga intanet da irinta. Shin gaskiya ne? Idan haka ne, waɗanne manhajoji ake amfani da su, kuma zan iya karanta labarai ko buɗe imel da ita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa. Abin da ka ji gaskiya ne, Malam, domin akwai manhajoji da dama da aka rubuta wa wannan kwamfuta don shiga intanet, kuma wasunsu har yau masu sha'awarta suna sabunta su. Sai dai ya kamata ka san wane ɓangare na intanet ɗin za ta kai ka. Ɓangaren rubutu zalla, inda mutane ke barin saƙo, su yi hira, su sauke ƙananan manhajoji, a buɗe yake gare ta, kuma tana yin aikin da kyau. Shafukan zamani irin su Facebook da YouTube da Gmail kuwa sun fi ƙarfinta, kuma babu manhajar da za ta sauya wannan.

Dalilin yana cikin ƙirar na'urar. An fara sayar da Commodore 64 a watan Agusta na 1982, shekaru tara kafin a buɗe wa jama'a tsarin shafukan yanar gizo a 1991. Ƙwaƙwalwarta kilobayit 64 ce, daga nan ma ta samo sunanta, kuma injin lissafinta, MOS 6510, yana gudu ne a kan megahaz ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. Allonta yana ɗaukar haruffa 40 a kowane layi, a layuka 25, wato haruffa 1000 gaba ɗaya. Hoto guda da ka ɗauka da wayarka, idan ya kai megabayit 2, ya ninka dukan ƙwaƙwalwar kwamfutar sau 32. Akwai kuma matsalar da ta fi wannan tsanani, wadda mutane da yawa ba sa lura da ita: kusan dukan shafukan yau suna kulle bayanan da ke tafiya tsakaninsu da mai karatu, abin da ya sa adireshinsu ke farawa da https, kuma buɗe wannan kulli yana buƙatar lissafi mai nauyin da injin 1982 ba zai gama shi kafin ɗaya ɓangaren ya gaji ya katse ba. Saboda haka ko da shafi rubutu ne kaɗai a cikinsa, muddin a kulle yake, kwamfutarka ba za ta buɗe shi da kanta ba.

Kafin in shiga batun manhaja, ina roƙonka ka daina jona ta da tsohuwar tiransifomarta ta asali. Waɗannan tiransifomomi idan sun tsufa sukan tura wutar da ta haura bolt 5 da na'urar ke buƙata, su ƙone ƙwaƙwalwarta ba tare da wata alama ba, kuma ana sayar da sababbi da aka ƙera mata musamman. Tunda daga Ingila ta zo, tsarin wutarta da na hotonta sun dace da na Najeriya. Kada kuma ka cusa ko ka zare wani abu a bayanta alhali tana kunne.

Manhajar da za ka zaɓa ta dogara ne da na'urar haɗin da ka samu, domin kwamfutar ba ta zo da komai na intanet a jikinta ba. Hanyoyi biyu ne, kuma wadda nake ba ka shawarar farawa da ita ita ce modem mai WiFi. Wani ɗan ƙaramin allon lantarki ne da ake cusawa a faffaɗar kafar da ke bayan kwamfutar kusa da kafar kaset, wadda littafin na'urar ya kira User Port. Yawancinsu an gina su a kan guntun ESP8266, kuma da yawa suna ɗauke da manhajar Zimodem ta Bo Zimmerman. Hikimar da ke ciki ita ce wannan ɗan allo shi ke ɗaukar dukan nauyin magana da intanet, amma a wajen kwamfutar yana nuna kansa a matsayin tsohon modem na layin tarho. Ita dai a saninta lambar waya take bugawa kamar yadda aka saba a 1985, alhali adireshin intanet ake kira. Wannan ne ya sa tsofaffin manhajojin zamanin tarho suke aiki a yau ba tare da an taɓa su ba. Ka lura cewa ESP8266 yana kama WiFi mai gigahaz 2.4 ne kawai, don haka idan daga wayarka za ka raba masa intanet, sai ka saita ta a kan hakan.

Manhajar da ke tafiya da wannan modem ana kiranta manhajar taminal, wato wadda aikinta aika abin da ka buga da nuna abin da ya dawo. Wadda ta fi karɓuwa ita ce CCGMS, wadda Craig Smith ya rubuta a shekarun 1980, kuma masu sha'awa suka fitar da sababbin nau'o'inta da suka san modem mai WiFi. Fifikonta shi ne tana fahimtar PETSCII, tsarin haruffan Commodore, wanda ya haɗa da ƙananan zane-zanen nan da za ka gani an buga a gaban maɓallan kwamfutarka, tare da launuka 16. Da waɗannan alamomi ake zana hotuna da kanun shafuka, kuma duk wanda ya ga yadda ake ƙawata allo da su zai gane cewa fasaha ce mai zaman kanta.

Inda CCGMS za ta kai ka shi ne wuraren da ake kira BBS, kuma a ganina nan ne ainihin amfanin wannan kwamfuta a intanet yake. BBS kamar zauren mai unguwa yake: mutum ɗaya ne ke riƙe da shi a kan kwamfutarsa, baƙi su shigo su yi rajista da laƙabi, su karanta abin da na gabansu suka rubuta, su ba da amsa, su bar wa juna wasiƙa, su yi wasanni, su sauke manhajoji. Ward Christensen da Randy Suess ne suka buɗe na farko a Chicago a 1978. A Ingila, lokacin da mahaifinku yake can, masu Commodore 64 suna da dandalinsu mai suna Compunet wanda ya fara a 1984, a Amurka kuma akwai Quantum Link da aka buɗe a 1985, wanda kamfaninsa ne daga baya ya zama America Online. Da layukan tarho suka ja baya, sai masu riƙe da zaurukan suka mayar da su kan intanet ta hanyar da ake kira telnet, kuma wasunsu har yanzu a kan ainihin Commodore 64 suke gudana, ta yadda mutum ɗaya kaɗai ke iya shiga a lokaci guda, na biyu sai ya jira. Akwai kuma na zamani, irin su RetroCampus na ƙasar Italiya, wanda ke ɗauko labarai daga shafukan yau, ya tace su, ya miƙo maka su a layuka masu haruffa 40. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta karanta labarai da kwamfutarka, kodayake da Turanci da Italiyanci za ka same su.

Game da sauri, kafar da modem ɗin ke shiga tana tafiya lafiya a kan bit 2400 a sakan, wato kimanin haruffa 240, don haka allo yakan cika a cikin sakan huɗu. Da wata dabarar haɗa wayoyin lantarki na kafar da ake kira UP9600 ana kaiwa 9600, allon ya cika a kusan sakan ɗaya. Ga karatun rubutu wannan ya wadatar, tunda ya fi saurin idon mai karatu. Amma hoton nan mai megabayit 2 zai ci fiye da awa biyu a kan 2400 kafin ya sauka, kuma ko ya sauka babu inda zai zauna.

Manhaja ta biyu da ya dace ka ajiye ita ce NovaTerm ta Nick Rossi. Tana iya matse haruffa 80 a layi guda, kuma tana fahimtar tsarin ANSI da zaurukan da ba na Commodore ba suke amfani da shi. Haruffan sukan yi sirara ƙwarai, su wahalar da ido a tsohuwar talabijin, amma za ka buƙace ta a abin da zan faɗa game da imel.

Hanya ta biyu ita ce katirij, wato ƙaramar na'urar da ake cusawa a bayan kwamfutar, mai kafar igiyar intanet da ake kira Ethernet, irin su RR-Net ko 64NIC+, wanda ake haɗawa da igiya zuwa na'urar raba intanet ta gida. A nan babu wanda ke ɗaukar wa kwamfutar nauyi, ita da kanta take harhaɗa ƙunshin bayanai bisa ƙa'idar TCP/IP, wadda na'urori ke bi wajen magana da juna a intanet. An daɗe ana ganin hakan ya fi ƙarfin ƙananan injuna irinta, har Adam Dunkels, wani mai bincike ɗan ƙasar Suwidin, ya rubuta uIP, taƙaitaccen tsarin TCP/IP da ke zama a cikin 'yan kilobayit, sannan ya fitar da Contiki, ƙaramin tsarin gudanar da kwamfuta, a 2003. A cikin Contiki na Commodore 64 akwai burauza, wato manhajar buɗe shafukan yanar gizo, da manhajar hirar rubutu ta IRC, da manhajar sauke fayil, har da wadda ke mayar da kwamfutar ta zama mai ɗauke da shafi da wasu za su ziyarta. Ina girmama wannan aiki matuƙa, kuma tasirinsa ya wuce tsofaffin kwamfutoci, domin Contiki ya ci gaba ya zama tsarin da ake sakawa a ƙananan na'urorin auna yanayi da makamantansu masu magana da intanet. Duk da haka gaskiya ita ce burauzar tasa rubutu kawai take nunawa, ba ta san hoto ba, ba ta gudanar da JavaScript, harshen umarnin da shafukan zamani ke aiki da shi, kuma ba ta buɗe https. Shafukan da suka rage mata 'yan kaɗan ne, sai dai ka bi ta mai shiga tsakani irin FrogFind, wanda ke ɗauko shafi ya cire masa kayan ado ya miƙo rubutun a buɗe. Za ka kuma ji sunan The Wave ta Maurice Randall, burauzar da ta fi kama da ta zamani a fuska, amma tana buƙatar tsarin gudanar da kwamfuta mai suna Wheels da na'urar ƙara gudu ta SuperCPU, wadda samunta a yau ke da wuya da tsada, don haka ban ga dalilin da zai sa ka bi ta kanta ba.

Imel kuwa, kai tsaye ba zai yiwu ba, saboda manyan masu ba da imel duka sun wajabta kulle bayanai. Abin da masu wannan sha'awa ke yi shi ne su ajiye wata ƙaramar kwamfuta mai Linux a gida, ko Raspberry Pi ko tsohuwar laftof, su shiga cikinta daga Commodore 64 ta NovaTerm, sannan su gudanar da manhajar imel ta rubutu irin Alpine ko Mutt a can. Ta wannan hanya kuma za ka iya amfani da Lynx, burauzar rubutu da aka fara a Jami'ar Kansas a 1992, wadda ke buɗe https, har ka karanta Wikipedia ta Hausa. Ya kamata dai a faɗa a fili cewa a wannan tsari ɗaya kwamfutar ce ke yin aikin, taka tana matsayin allo da maɓallai ne.

A nan za ka ci karo da abin da ya shafe mu mu masu karanta Hausa. Tsarin PETSCII ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, kuma a shafukan yau kowanne daga cikinsu bayit biyu ne a tsarin UTF-8, saboda haka kalma irin ƙasa ko ɗalibi za ta iya fito maka da baƙin alamomi biyu a farkonta. Maganin shi ne ka shiga saitin Lynx ka zaɓi haruffan ASCII zalla, wato na Turanci marasa lanƙwasa, a matsayin abin da allonka ke iya nunawa, sai ta yi ƙoƙarin musanya baƙin haruffa da mafi kusa da su. Idan kai ne mai rubutu a zaure, sai ka koma tsohuwar dabarar masu tafireta ta sanya waƙafin sama kusa da harafin.

Saura yadda manhajojin za su isa cikin kwamfutar. CCGMS da Contiki kyauta ake sauke su, a matsayin fayil mai ƙarewa da d64 ko prg. Tsofaffin faya-fayan maganaɗisu ba abin dogaro ba ne bayan shekaru arba'in, don haka ka nemi SD2IEC, wata 'yar na'ura da ke karanta katin ajiya irin na kyamara tana kwaikwayon injin faifai na Commodore mai lamba 1541. Idan aljihu ya ba da dama, katirij ɗin Ultimate II+ na Gideon Zweijtzer ya haɗa kwaikwayon injin faifai da kafar Ethernet da kwaikwayon modem a wuri guda, kuma sababbin nau'o'in CCGMS suna aiki da shi. Kafin ka kashe ko sisi, ka sauke VICE a laftof ɗinka, manhajar da ke kwaikwayon Commodore 64, ka saba da yadda ake loda fayil da yadda CCGMS take.

Ranar da kayan suka iso, ka kashe kwamfutar, ka cusa modem, ka kunna, ka loda CCGMS, ka daidaita saurinta da wanda modem ɗin ya zo da shi. Ka buga AT ka danna RETURN. Idan ya amsa da OK, suna jin juna. A modem mai Zimodem, umarnin AT+CONFIG zai buɗe maka inda za ka zaɓi WiFi ɗinka ka saka kalmar sirrinsa. Daga nan sai ATDT, ka biyo da adireshin zauren, da ɗigo biyu, da lambar ƙofarsa (port) da ake bayarwa tare da adireshin, wadda a zaurukan Commodore sau da yawa 6400 ce. Tunda telnet ba ya kulle komai, duk abin da ka buga a buɗe yake tafiya, saboda haka idan zauren ya nemi ka zaɓi kalmar sirri, ka ƙirƙiri wata sabuwa wadda ba ka amfani da ita a banki ko imel ko wani wuri dabam.