Tambaya da Amsa: Ruwan Rijiya da Na'urar Sanyaya Gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana da ke aiki a Jamus ya ba ni labarin wata na'ura da ke ɗumama gida ko ta sanyaya shi da ruwan ƙarƙashin ƙasa, yana kuma so a haɗa mini irinta da rijiyar burtsatsen gidana. To amma ruwanmu yakan fito garau, idan ya kwana a bokiti sai ya wayi gari ja. Shin ba zai toshe na'urar ba? Daga wani Alhaji, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Na'urar tana zuƙo ruwa daga rijiya, ta ratsa da shi ta cikin siraran bututu inda ake musayar zafi, sannan ta mayar da shi ƙasa ta rijiya ta biyu. A Jamus ruwan ƙasa yana zama wajen digiri 10 rani da damina, a Kumasi kuwa yana kusa da 26, saboda haka ribar da za ka samu wajen sanyaya ɗaki ba za ta kai tasu ba.

Abin da aka fi tsoro a ƙasashe masu duwatsun farar ƙasa shi ne farin ɓawo, irin wanda ke kama gindin butar shayi. Sinadarin kalsiyam ne ke barin ruwa idan ya yi ɗumi ko iskar kabon da ke cikinsa ta fice, kuma da yake na'urarka zafi za ta riƙa zuba wa ruwan, dole a yi la'akari da shi. Sai dai Kumasi a kan tsofaffin duwatsu masu tauri take, waɗanda ba su cika sakin kalsiyam ba, ruwansu kuma yakan ɗan yi tsami.

A ganina bokitinka ya riga ya faɗi inda matsalar take. Ƙarfe ne narke a cikin ruwan, ba a ganinsa muddin yana can ƙasa inda babu iska, amma da zarar ya sha iska sai ya rikiɗe ya zama tsatsa. Ko miligiram 0.3 a lita ya isa ya rina farar riga. Akwai kuma ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa a kan wannan narkakken ƙarfe, su bar wata jar yauƙi mai santsi a jikin famfo da matata. Rijiyar mayar da ruwa ce takan fara toshewa, tsamin kuma yana cin bututun ƙarfe ta ciki. Mutanen Akra nasu ciwon kan daban ne, domin rijiyoyi da dama can ruwan zartsi suke bayarwa.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, a kai ruwan ɗakin gwaji, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke Kumasi ko wani amintacce, a auna ƙarfe, manganis, kalsiyam, gishiri da tsami. Tsamin gara a auna shi a bakin rijiya, domin yana sauyawa a hanya. Idan ƙarfen ya yi yawa, ka ce wa ɗanka a yi rufaffen tsari, wato a binne bututun roba da ruwa mai tsabta ke zagayawa a cikinsa ba tare da ya gauraya da na rijiya ba. Idan kuma an nace da buɗaɗɗen tsari mai aiki da ruwan rijiyar kai tsaye, kada a bi da ruwan ta tankin sama, kuma bakin bututun mayarwa ya nutse sosai a cikin ruwan rijiya ta biyu don kada iska ta samu hanyar shiga.