Ragin Harajin Karatu a Amurka: Amsa Ga Ƙanena

Ƙanena, na ga saƙonka, wai ka ji gwamnatin Amurka na biyan iyaye kuɗi idan ɗansu ya shiga kwaleji, shi ne kake tambaya nawa nake karɓa a kan 'yarka. An ƙara wa labarin gishiri kafin ya iso ka. Ragi ne kawai ake yi wa mutum a harajin da yake biya.

A nan, mai aikin albashi ana cire masa haraji a kowane biya. Kafin 15 ga Afrilu sai ya cika takardu ya aika wa hukumar haraji ta IRS a yi lissafin shekara, ko ya yi ciko ko a maido masa rara. A cikin lissafin nan ake shigar da ragin karatu da suke kira AOTC, wanda aka fara a 2009. Dala 2,000 na farko da ka kashe a kuɗin makaranta da littattafai, ana zare maka su duka daga harajinka. A 2,000 na biyu kuma kashi 25 cikin ɗari. Iyakarsa dala 2,500 a shekara kan kowane ɗalibi, na shekara huɗu. Wanda samunsa bai kai a bi shi haraji ba, ana iya ba shi har dala 1,000 a hannu. Ina jin wannan dubun ce ta rikiɗa ta zama albashi a bakin mutanen Kano.

Mutanenmu na Bronx a birnin New York, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, da yawa kwalejin al'umma muke kai yara, irin su Hostos da Bronx Community College. Shekara biyu ce, tana da sauƙin kuɗi, in an gama a wuce jami'a a ƙarasa digiri. Ga shi yarinya a gida take kwana, wanda ka san a wurin uwarta ya fi komai. Sai dai arahar nan ita ke rage ragin. Idan tallafin Pell, wanda gwamnati ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ya biya kuɗin makaranta duka, to kusan babu abin da ya fito daga aljihunka, su kuwa abin da ya fito suke lissafawa. Kuɗin haya da abinci da na jirgin ƙasa ba sa shiga. Littattafai suna shiga, shi ya sa ko rasit ɗaya ba a yarwa a gidana. A Janairu makaranta ke turo takarda mai lamba 1098-T, da ita ake cika fom 8863 na neman ragin.

Inda muka fi samun rikici shi ne wa zai sa yaron a takardarsa. Mu da riƙo muka saba, ɗan wa ɗanka ne, kowa ya sa hannu a karatunsa. IRS mutum ɗaya ta sani. Ɗan ɗan'uwa yana shiga takardarka idan ya zauna gidanka fiye da rabin shekara kuma ya cika sauran sharuɗɗa, amma idan ubansa ma ya sa shi, takardar ɗayanku za ta dawo. Haka yaran da ke ɗan aiki a shago: wani ya yi gaggawar cika tasa bai nuna yana ƙarƙashin iyaye ba, ya ɓata ta uban. Miji da mata da suka cika daban-daban ba sa samu sam. Iyalin da samunsu ya kai dala 180,000 ma ba sa samu, wannan dai ba damuwata ba ce.

Akwai masu cika wa mutane takardu da ke ƙara adadi don kuɗin su yi kauri. Ni ba na zuwa wurinsu, domin in aka kama, kai mai sa hannu za ka maida kuɗin, kuma ana iya hana ka ragin shekara biyu, in zamba ce shekara goma.

Nawa na bana, idan ya fito, littattafan zangon karatu mai zuwa zan saya mata da shi. Ka gaida Hajiya, ka ce mata saƙonta na nan tafe ƙarshen wata.