Tambaya da Amsa: Ɓarawo ya haura mini gida, har ina hannuna zai kai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, ina ajiye buhunan riɗi a sito cikin gida. Idan ɓarawo ya hauro da dare na buge shi ya mutu, doka za ta kama ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sashe na 12 na Dokar Laifuffuka ta Sudan ta 1991 ya ba ka damar kare rai da dukiya da mutunci, naka ko na wani. Sharaɗin shi ne haɗarin ya riga ya zo ko yana dab da zuwa, babu halin kiran hukuma ko wata hanyar kauce masa, kuma ka tunkuɗe shi gwargwadon buƙata.

Kisa kuwa an ƙuntata shi. Sai inda ake tsoron mutuwa, mummunan rauni, fyaɗe, sace mutum, fashi, ko ɓarna irin ta cinna wuta. Satar da babu ƙarfi ko barazana a cikinta ba ta shiga wannan jeri. Wanda ya saɓi buhu yana laluben katanga daban, wanda ya zare maka wuƙa daban.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne bayan haɗari ya wuce. Ɓarawo ya yar da buhu ya ruga, ko ya faɗi, ko an ɗaure shi, sai maƙwabta su taru da sanduna. A nan damar ta ƙare. Likita zai rubuta inda raunin yake da yawansa, kuma sara biyar a gadon baya ba ya kama da kare kai. Wanda ya wuce iyaka da kyakkyawar niyya, Sashe na 131 bai ɗauke shi mai kisan ganganci ba, amma akwai ɗauri da diyya. Idan kotu ta ga ramuwa ce, Sashe na 130 ne, wato ƙisasi, sai dai in magada sun yafe ko sun karɓi diyya.

In abin ya riga ya faru, a garzaya da mai rauni asibiti, a kai rahoto wurin 'yan sanda nan take. Kada a gusar da makaminsa ko a wanke wurin. Kai ma in ka ji ciwo, karɓi Urnik 8, wato fom ɗin 'yan sanda na rahoton likita, likita ya cike, ka riƙe sunayen waɗanda suka gani, sannan ka nemi lauya tun kafin maganar ta isa niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara.