Kafin ka yarda da koren launi a fuskar kwamfuta

Kai yaro, tambaya kake yadda za a gane ko na'urorin nan masu hango lalacewar inji kafin ya tsaya sun cancanci kuɗinsu? To, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Akwai wata masana'anta da na taɓa kula wa da injina. Na ɗora tsinin sukudireba a gidan boris na wani giyabos, na kara kunne a mariƙin, sai na ji ƙurus-ƙurus kamar ana tauna tsakuwa. Na ce wa mai wurin a tsayar da injin a canza boris. Ya juyo min kwamfuta ya nuna min koren launi, wai sensocin awon girgiza da ya saya sun ce lafiya lau, zamanin kunne ya wuce. Da na leƙa, ashe a jikin gwangwanin murfi aka manna sensar, nesa da boris. Ga shi shaf ɗin a hankali yake juyawa, irin wanda sensa mai araha ba ta jin bugunsa. Ba a jima ba boris ya ƙone, ya ci shaf, ya kakkarya haƙoran giya, aiki ya tsaya cak. Ka san me mutumin nan ya yi? Cewa ya yi ni ne ban sa giris ba, ya danne min kuɗin aikina kaf. Ni da na faɗa masa a gaban ma'aikatansa! Har gobe ban yafe ba.

Saboda haka in dillali ya zo da daɗin baki, ce masa ya nuna maka inji guda da na'urarsa ta kama cutarsa, da boris ɗin da aka ciro. Tambaye shi sau nawa take awo a rana, kuma wa zai karanta sakamakon. Wanda bai san cewa girgizar da ta zo daidai da saurin juyi galibi rinjayen nauyi ce, mai ninki biyu kuwa rashin saitin shaf, me zai tsinta a ciki? Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 20816 ta ba da iyakokin girgizar inji da milimita a daƙiƙa, amma sai ka auna injinka yana lafiya tukuna za ka san ranar da ya sauya. Giyabos kuwa, gwajin mai ya fi tona masa asiri, don garin ƙarfe kan bayyana a man da wuri. Kyamarar da ke nuna zafi kuwa ta duba haɗin wayoyin lantarki da koyil ce, wato naɗin wayar cikin inji: ƙarin digiri 10 kan rage kwanan rufin koyil da kusan rabi.

Kada ka bari a baza sensa a kan kowane famfo. Injin da in ya tsaya kowa ya tsaya, shi za a fara sa wa.

Ku yaran yanzu kun fi son waya ta yi ƙara ta gaya muku. Jiya a gabana ka wuce fankar da ke girgiza, ko tafin hannu ba ka ɗora mata ba.