Tsohon katako: a saya ko a bari?

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba. Ina sayar da abinci a unguwar Talaje, nan Yamai, kuma ina so a yi mini tebur da benci biyu. Kafintanmu ya ce mu je Kasuwar Katako mu sayi tsoho, kusan rabin kuɗin sabo ne. Maigidana kuwa ya ce araha ba ta ado, katako mai gara zan kwaso da kuɗina. Wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki bi kafintan, amma ki riƙe maganar maigidanki a zuci.

Ba mu da dajin katako a Nijar, daga ƙasashen kudu irin su Najeriya, Gana da Kodebuwa ake kawo shi, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan gini suka ƙara tsada. Sabon ma sau da yawa da sauran ɗanyensa yake zuwa. Da hunturu ya buge shi sai ki ga tebur ya karkace, mahaɗa ta buɗe baki. Tsoho kuwa ya sha ranar Yamai shekaru, ya gama duk murɗewar da zai yi.

Sai dai tsoho suna ya tara. Wanda aka cire daga ƙofofi da rufin gidan da aka rushe, musamman jan katako, shi ne na gaban goshi. Na kofaraj, wato wanda magina suka zuba kankare a kansa, fari ne mai laushi, ya sha ruwa da siminti. A yi rumfa da shi, ban da tebur. Masu inji ma ba sa son sa, dakushe musu wuƙa yake yi.

Sai palet, wanda ake ɗora kayan kwantena a kai. Duba hatimin da ke gefensa. In an rubuta HT, da zafi aka kashe ƙwarinsa, ba laifi. In MB ne, hayaƙin guba aka yi masa, kada ki ɗora abincin mutane a kai. Haka mai tsohon fenti yana ɓarewa, domin wasu fentin da akwai dalma a ciki.

In kun je, ki ƙwanƙwasa. Mai lafiya ƙara yake yi ƙwas-ƙwas, wanda gara ta ci cikinsa kuwa sai ki ji kamar kin buga ƙwarya. Ki danna shi da bakin ƙusa. In ta shige ba gardama, ajiye. In kin ga ƙananan huji kamar na allura da gari-gari yana zuba, ƙwaro na ciki da ransa, kuma zai bi sauran kayan ɗakinki.

Ni kaina an taɓa yi mini. Na sayi ɗauri guda a hannun wani, na sama da na ƙasa sumul, na biya ina murna. Da na kwance igiya a shago, na tsakiya duk ruɓaɓɓu ne. Tun ranar ba na ciniki sai an warware, na juya kowane falle da hannuna. Ke ma ki ce a kwance, ko da mai kaya ya ɓata rai.

Ki sa kafinta ya zare ƙusoshi kaf kafin a kai inji. Baƙin man mota da ake shafawa don gara kuma, ƙafafun tebur kaɗai za a shafa wa, inda suke taɓa ƙasa.